Goɗiyar da Na Hana Shi

Ranar Litinin da hantsi ina share dusar ƙanƙara a bakin shagona, sai motar Verna ta shigo fili ta tsaya nesa da inda ta saba tsayawa. Verna ƙanwar abokina ce. Ba ta fito ba. Ta sauke gilashi kawai, ta zauna tana kallon sitiyari, inji yana aiki. Na jingine shebur na taka har wajenta.

Ta ce, "Yaya Harlan, sun gan shi."

Na ce, "Yana ina?"

"A kwarin bayan tafki. Yana zaune, ya jingina da itace." Ta ci gaba da kallon sitiyari. "Barewar da ya bi tana gefensa. Ya same ta, ya ƙarasa ta, har ya cire cinya ɗaya da kafaɗa ya rataye."

Na tsaya ina jira ta ce an wuce da shi asibiti. Ba ta ce ba. Ta ce masu gadin daji suna ganin tun jiya da la'asar ne, zuciyarsa ce ta tsaya. Sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da mutanenmu ba su cika yi ba.

"Da ƙafa ya je, yaya. Me ya sa ya je da ƙafa?"

Goɗiyata tana tsaye a cikin shinge bayan shago tana cin ciyawa, ni da Verna duk muna ganinta. Ranar Lahadi ya zo aronta na hana shi. Ban iya faɗa wa Verna haka ba a lokacin. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce sunan mai nama a jikin ƙunshi ba.

Ba zan rubuta sunansa ba. Mu ba ma kiran sunan wanda ya tafi, kuma ba don na riƙe biro ne zan fara ba. Dama can ban cika kiransa da sunan ba. Ƙabilarmu ɓangare biyu ce, Jajaye da Farare. Shi ɗan Jajaye ne, ni ɗan Farare, kuma tun ranar da muka kara a tseren bikin Satumba muna 'yan shekara goma sha biyar, da haka muke kiran juna. Ya wuce ni a tseren nan kamar an kafe ni a ƙasa, ya waiwayo ya yi mini gwalo. Har ya yi furfura, in dai an taru sai ya ba da labarin, kuma kowace shekara tazarar da ya ba ni tana ƙaruwa. A bara ya ce har ya tsaya ya ɗaure igiyar takalmi kafin in iso.

Mun yi aikin kashe gobarar daji tare rani takwas. Daga baya ni na gaji shagon fawa na kawuna a nan Dulce, shi ya zama ɗan jagoran mafarauta. Shekara talatin da ɗaya yana kai baƙi dutse su harbi barewar elk, ni ina feɗewa, ina yankawa, ina naɗewa. Dabba ce da ta kusa doki girma, mutum ɗaya ba ya ɗaukarta. In ta faɗi inda mota ba ta zuwa, dawakina ne suke sauko da ita. Shi bai taɓa mallakar doki ba. Ya ce me zai yi da doki, alhali yana da ɗan Farare da yake ciyar masa da nasa kyauta.

Kowa ya san inda romo yake a sana'ar nan. Masu kuɗi suna zuwa da kaka daga Texas da sauran wurare don namiji mai manyan ƙahoni, kuma ɗan jagoran da ya faranta musu yana iya canza mota kafin Kirsimeti. Abokina ya yi musu shekara biyu ya bari. Wani daga cikinsu ya harbi namiji, aka yi masa hoto, ya sa aka cire kai da ƙaho, ya ce naman a ba duk wanda yake so, shi jirginsa zai tashi. Abokina ya shigo shagona yana huci, ya ce, "Ɗan Farare, mutumin nan bangon falonsa ya zo ciyarwa. Ni kuma ba na yi wa bango aiki."

Daga nan sai matan barewa kawai, a watan Disamba, lokacin da sanyi ya koro garkuna daga duwatsun Colorado suka sauko ƙasarmu. Mai zuwa don mace ba hoto ya kawo shi ba. Direbobi ne, masu walda, masu dafa abinci a makarantu, mutanen da mace ɗaya take cika musu firiza su ci har shekara ta zagayo. Su ne mutanensa. Tun watan Agusta yake fara shirya musu, yana zaune a kan bokiti a shagona da waya a kunne, yana cinye mini busasshen nama. Na ji maganar nan har na haddace ta.

"Kada ka sayi komai. Na ce komai. Kana da rigar sanyi? Ta aiki? Ta isa, barewa ba ta duba tambarin riga. Bindigar babanka ce? Madalla, ta fi ka sanin hanya. Otal na me? Ƙanwata tana da tsohuwar tirela mai ɗakin kwana a bayan gida, murhu yana aiki, ɓeraye biyu ne kawai kuma suna da ladabi. Ka zo da kula huɗu da tukunyar wake. Ka nemi takardar izini ta mako na biyu, ta farko kowa ita yake rububi."

In mutum ya ce har yanzu abin ya fi ƙarfinsa, sai ya rage nasa ladan, ya ce kada a gaya wa kowa. Kowa ya sani. Motarsa a-kori-kura ce da ta girmi 'yar Verna ta fari, ƙofar direba da igiya take rufuwa.

Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu ba ya wasa. Ta farko, kafin ka taka dutse sai ka harbi faranti. Yana da farantan takarda a bayan kujera, irin na cin abinci a biki. Zai kafa ɗaya a jikin kututture, ya ƙirga taku ɗari, ya ce ka ba shi uku a ciki. In ka kasa, ku wuni a nan yana gyara maka madubin saitin bindiga da zaman kafaɗa har ka iya. Na ga ya mayar da wani tsohon soja gida a kan farantin nan, mutumin yana zagi, shi yana cin tuffa.

Ta biyu, dabbar da aka ji wa rauni ba a barinta a dutse. Ba don hukuma ba. Kakansa na wajen uwa ne ya koya masa, shi ne kuma ya koya masa juya kan dabba gabas in ta faɗi, da ajiye wa hankaki rabonsa a kan dutse. Wata shekara mun bi wata mace mai karyayyar ƙafa kwana biyu, ni da shi da dawakai, har na ce masa ai ta tsallake iyaka ta zama ta wasu. Ya ce, "Ita ba ta san da iyaka ba. Ciwo ta sani." Muka same ta. A shekara talatin da ɗaya bai bar ko ɗaya ba. Ba ya faɗin haka da alfahari, amma duk wanda ya san shi ya san a kan wannan yake tsaye, kamar yadda wani yake tsayuwa a kan gidansa ko 'ya'yansa. Shi ba shi da 'ya'ya. Matarsa ta tafi Albuquerque tun muna da ƙarfi, ba ta dawo ba.

Shekara biyu da suka wuce ya faɗi muna loda ciyawa. A Farmington suka sa masa wani ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya, likita ya ce hawan dutse ya ƙare. Ni na ɗauko shi daga asibiti. Tun kafin mu bar gari ya ce likitan bai taɓa ganin dutse ba sai a kalanda. Na yi masa faɗa, Verna ta yi, ya ce ya ji. Muka daidaita a kan cewa zai riƙa ɗaukar mutum ɗaya a lokaci guda, kusa da hanya, in kuma da hawa to a kan goɗiyata. Ya riƙe wannan shekara ɗaya.

Sai maganar Eloy ta taso. Eloy Trujillo mai shara ne a wata firamare a Española, kuma shekara goma sha huɗu yana zuwa wajen abokina duk Disamba. Mutum ne mai shiru, yana zuwa da buhun jan barkono da ƙunshin masarar da matarsa take dafawa da nama, harsashi ɗaya yake harbawa ya gama. Jikoki uku yake riƙo. A watan Agustan bana ya bugo ya ce a cire shi, komai ya yi tsada, mai, takarda, harsashi, ba zai iya ba. Abokina ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya shigo shagona da fara'a kamar ya tsinci wani abu.

"Na gano, ɗan Farare. Eloy zai zo da mutum uku. Ladan mutum ɗaya zan karɓa su raba a tsakaninsu, mota ɗaya, tukunya ɗaya. Kowa ya koma da nama."

Na ce, "Mutum huɗu? Kai kaɗai?"

"Ai manya ne."

"Idonka nawa? Bindiga huɗu a bayanka, ka san hannun mutum ɗaya, uku ba ka taɓa gani ba. Kai da ko matakalar gidan waya sai ka huta a tsakiya."

"Hutawa nake in ba 'yan Farare dama su iso."

Ban yi dariya ba. Na ce masa in ya yi wannan shirmen to ba da dawakina ba, kuma na rantse. Ya ce a kwarin gindin hanya zai tsare su, doki ba zai ma yi amfani ba. Ya ɗebi busasshen nama ya cika aljihu ya fita yana fito. Haka yake. In ya ga mutum zai rasa naman shekara, kansa ba ya ƙara aiki.

Abin da ya faru ranar Asabar, Eloy ne ya ba ni labari daga baya. Sun iso a makare, taya ta fashe musu a hanyar Chama. Rediyo yana cewa dusar ƙanƙara mai yawa za ta sauko kafin azahar, ga kuma garke abokina ya gani tun da sassafe yana kiwo a fili kusa da tafki. Ya buɗe bayan kujera ya taɓa farantan, ya dubi sama, ya dubi mutanen, ya mayar ya rufe. Ya tambaye su ko kowa ya gwada bindigarsa a gida. Duk suka ce e. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa karɓar "e" daga bakin kowa ba, sai ranar.

Eloy ya harba, tasa ta faɗi nan take. Abokan aikinsa biyu su ma suka samu, ɗaya da harsashi biyu. Na huɗun shi ne Derek, mijin 'yar Eloy, mai sayar da tayoyi, da sabuwar bindiga da ko takardar shago ba a gama ɓare mata ba. Abokina yana wajen na ukun yana nuna masa inda zai sa, garke ya fashe da gudu, sai Derek ya miƙe tsaye ya fara zuba musu wuta daga nesa. Biyar ya harba. Abokina yana ihu ya tsaya, bai tsaya ba sai da bindiga ta ƙare. Wata mace ta ƙarshen garke ta durƙusa, ta miƙe, ta bi sauran a gantsare ta shige kwari.

Suka je wurin. Jini kaɗan ne, baƙi-baƙi, haɗe da koren abin tumbi. Duk wanda ya taɓa farauta ya san ma'anar wannan. Ba za ta rayu ba, kuma ba za ta mutu da wuri ba. Tana iya kwana biyu tana jan ciki.

Sun bi sawu kamar awa ɗaya. Derek ya tsaya tun a rafin farko, wai ruwa ya shiga takalminsa. Sannan dusar ta sauko ta rufe komai, ga dabbobi uku a kwance a fili suna jiran a feɗe su kafin su lalace. Abokina ya ɗaura jan ƙyalle a reshe inda sawu ya ɓace, suka juyo.

Da yamma suka kawo ukun shagona in rataye. Na ƙirga dabbobi, na ƙirga mutane, na dubi abokina. Bai dube ni ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, yana riƙe da ƙofar mota kamar ƙofar ce take bukatar taimako. Derek kuwa yana ta magana. Wai madubin bindigar ne aka sayar masa da matsala. Wai shi yana ganin ma ƙuje ta kawai ya yi. Daga nan ya juya wajen abokina ya ce, "To gobe da safe za a iya kai ni in harbi wata kafin mu wuce? Ai takardata tana nan ban cika ta ba."

Abokina ya ce a hankali, "Ka cika ta, ɗana. Tana can kwari da hanjinta a huje."

Eloy ya cire hula ya dubi ƙasa. Ni ina riƙe da ƙugiyar rataye nama, kuma gaskiya sai da na ajiye ta a kan tebur na matsa daga wurin.

Ranar Lahadi da safe suka loda kula suka tafi. Ban yafe wa kowa wannan tafiyar ba. Maza huɗu masu ƙafafu, suka bar tsoho mai ƙarfe a zuciya da dabbar da ɗayansu ya huje. Eloy ya zo jana'iza, ya tsaya can bayan motoci shi kaɗai cikin sanyi, bai matso ba. Da aka watse na je na same shi da niyyar in faɗa masa abin da ba zai manta ba. Ya ce ya roƙi ya tsaya, sau biyu ya roƙa. Abokina ya ce masa ya tafi, ranar Litinin da asuba shi ne mai kunna wa yara na'urar ɗumama azuzuwa, kuma ai ɗan Farare yana nan da dawakai. Haka ya gaya masa. Ɗan Farare yana nan. Na bar Eloy a tsaye na koma mota, don ban san inda zan sa fuskata ba.

Derek bai zo ba, waya ya bugo ranar Laraba. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya kira sunan abokina sau huɗu a cikin minti ɗaya, a kunnena, a cikin shagona, kamar yana kiran karen gidansu. Ban ce ya san al'adarmu ba, amma surukinsa ya shekara goma sha huɗu yana zuwa ƙasar nan, tambaya ɗaya ta ishe shi. Da ya gama sai ya yi gyaran murya ya ce, ya ji an samu barewar, to naman fa, ko akwai abin da ya tsira? Na ce masa akwai. Cinya da kafaɗa suna rataye a reshe a kwarin bayan tafki, inda mai su ya bar su, babu wanda zai taɓa su a cikinmu. In yana so ya zo ya hau ya ɗauka, ya sa takalmin da ruwa ba ya shiga. Na kashe wayar.

Akwai kuma masu cewa ai ya tafi yana aikin da yake so. Mutum uku sun faɗa mini haka, har da wani fasto. Ku daina. Ba ya son hawan kwari cikin dusa har gwiwa da numfashi rabi. Ba ya son bin dabbar da aka lalata wa ciki. Abin da yake so shi ne ya zauna a kan bokitina ya cinye mini nama ya yi mini ƙaryar tsere. Ya je ne don babu wanda zai je, kuma don a ganinsa shi ne ya rufe bayan kujera a kan farantan nan.

Shi ma ina fushi da shi. Ina fushi da shi fiye da Derek, don Derek wawa ne kawai, shi kuwa ya sani. Ya san zuciyarsa, ya san kwarin, ya san Verna ba ta da wani ɗan'uwa sai shi. Ya rage ladansa don kowa ya ci nama, ya rage, ya rage, har ya zo kan abin da ba a ragewa. Wani lokaci ina yanka nama sai in ji ina yi masa faɗa da ƙarfi, ni kaɗai a shago.

Ranar Litinin ɗin, bayan Verna ta tafi, masu gadin daji biyu suka zo. Yara ne da muka sani tun suna rarrafe, ɗaya ma abokina ne ya koya masa bin sawu. Suka tsaya suna murza hula. Suka ce mota ba ta shiga wurin, ko zan ba su aron doki su sauko da shi. Na ɗaura wa goɗiya sirdi da kaina na bi su. Daga tafki zuwa itacen da ya jingina, awa ɗaya da 'yan mintoci muka yi a kan doki, na duba agogo. Sawunsa yana nan a wuraren da iska ba ta share ba, kuma kowane taku kamar hamsin akwai inda ya tsaya ya zauna. Na daina ƙirgawa a goma sha ɗaya. Ya juya kan barewar gabas. Ya ajiye wa hankaki rabonsa a kan dutse. Komai ya yi shi daidai, tsohon banza, sannan ya zauna.

Verna, ga abin da kika tambaye ni.

Ranar Lahadi wajen ƙarfe goma ya shigo fili, bayan baƙin sun tafi. Ina wanke tebur, na fito da hannu a jiƙe ko rigar sanyi ban sa ba. Bai sauko daga mota ba, ya kwance igiyar ƙofa ya turo ta da ƙafa ya zauna a karkace. Bindigarsa tana kan kujera, da jaka da igiya.

Ya ce, "Ɗan Farare, ɗaura mini sirdi."

Na ce, "Na gaya maka tun Agusta."

"Ka gaya mini. Ka yi gaskiya, ka ci tseren nan, a rubuta a ajiye. Yanzu ɗaura mini sirdi."

"Ka ga fuskarka kuwa? Kamar tokar murhu."

"Haka aka haife ni, kyau ne ba ka saba gani ba."

"Ba na wasa. Jiya da ƙyar ka tsaya da ƙafafunka. Ka je gida ka kwanta. Gobe da asuba in ɗaura wa biyu sirdi mu tafi tare, in kira yaran gadin daji su ma su zo."

"Gobe diloli sun fara cin ta da ranta. Ka san ta inda suke farawa."

Na sani. Amma ga abin da yake raina, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Rabi fushi ne, ina so ya ji a jikinsa cewa na gaya masa. Rabi kuwa dabara ce. Na ce a raina, in babu doki ba zai iya ba, dole ya haƙura, kwarin nan ko saurayi sai ya yi da gaske. Na ɗauka in na riƙe goɗiya na riƙe shi. Shekara hamsin ina tare da mutumin nan, na bi shi kwana biyu a kan mace mai karyayyar ƙafa, amma na tsaya a filin nan na yarda da wannan wautar. Da na ce jira ni in ɗauko riga, da minti goma ya ishe mu.

Na ce, "Derek ne ya harbe ta. Ya dawo ya bi abarsa."

Ya dubi shinge inda goɗiya take. Sannan ya ce, "Ba Derek ne ya kai kansa wurinta ba, Harlan. Ni na kai shi."

Ya daɗe bai kira ni da sunana ba. Ya kamata in gane daga nan. Maimakon haka sai na naɗe hannu a ƙirji na ce ba doki yau, ko zai kwana a nan yana roƙo.

Bai roƙa ba. Ya jawo ƙafarsa ciki, ya ja ƙofa, ya fara ɗaure igiyar a hankali, yatsunsa suna kuskure ƙullin. Na matsa na ɗaure masa ta taga, kamar yadda na saba.

Na ce, "Gida za ka?"

Ya tayar da mota.

"Kai ɗan Jajaye, da kai nake. Ka sha maganinka ka kwanta. Gobe, na ce maka. Da asuba."

Ya dube ni, ya dubi hannuwana da suka yi ja don sanyi, ya ɗan yi murmushi.

Ya ce, "Na ji ka, ɗan Farare. Shiga ciki, ba ka sa riga ba."